Na yi tsayuwar awa biyu da rabi a Zauren Zinare na Viyana, akwai wanda ya taɓa shiga?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da ganin 2025. Shekarata shida a Viyana, kusan kullum sai na bi ta Karlsplatz in za ni aiki, ina ganin jan ginin nan na gidan kiɗan Musikverein, amma ban taɓa leƙa shi ba sai ranar Litinin 30 ga Disamba. Abokiyar aikina ce ƙuri'a ta faɗo mata, tikiti biyu na tsayuwa, mijinta kuma mura ta kwantar da shi, sai ta ce in zo mu je. Yuro 20 na ba ta. Ashe kiɗan sabuwar shekarar nan da ake nunawa a talabijin sau uku ake yin sa: ranar 30 da hantsi, ranar 31 da dare, sai babban na 1 ga Janairu. Makaɗan su ne dai, kiɗan shi ne dai. Mu na farkon muka samu.

Ba zinaren da aka shafe bango da shi ba ne ya tsaya min a rai, ko da yake ido kan ɗauke in an shiga. Abin da har yanzu nake juyawa shi ne babu lasifika. Akwai makirfo na 'yan talabijin a rataye, amma na ɗaukar murya ne, ba mai ƙara ta. Muna can ƙarshen zaure a bayan kowa, makaɗan sun yi mana nisa har fuskokinsu ba sa fita sosai. Dattijon da ke jan su, Riccardo Muti, ɗan shekara 83, ya ɗaga hannu, mutum wajen dubu biyu suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Sai masu goge suka fara a hankali, can ƙasa-ƙasa, wallahi kamar a gefen kunnena ake yi. Tsigar jikina sai da ta tashi. Akwai wanda ya taɓa zuwa a cikinmu? Ko ni kaɗai ce baƙauyiyar da abin ya ruɗa?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsaya in gane. Kin biya sama da naira dubu talatin, ba kujera, ba abinci, ba ko ruwan leda, kuma an hana ki magana? A garinmu wannan horo ake ce masa.

Maman Ilham: Ɗan Zariya Allah ya shirye ka. Har kuɗin ajiye rigar sanyi sai da na biya, in ƙara maka haushi.

Injiniya Bashir: Hajiya ba ƙauyanci ba ne, abin da kunnenki ya ji gaskiya ne. Na shiga sau biyu lokacin ina karatu a Graz, ba na sabuwar shekara ba, kiɗan da aka saba yi a tsakiyar shekara. Zauren kansa kayan kiɗa ne. Tsawonsa wajen mita 49, faɗinsa 19, tsayinsa zuwa rufi 18, wato dogo ne siriri kamar kwalin takalmi. Saboda matsin, sauti yana bugun bangon dama da na hagu ya dawo kunnen mutum nan take, shi ya sa za ki ji kamar kiɗan ya kewaye ki. Daɓen katako ne, ƙarƙashinsa kuma rami ne, can ma suke zuba kujerun in za a yi rawar dare a zauren. Silin ɗin ma ba a manne yake da bango ba, rataye shi aka yi a jikin katakan rufi. To kin ga sama da ƙasa duk suna amsawa, kamar ƙwaryar goge. In makaɗa suka tsaya cak, sautin kan yi kusan sakan biyu yana yawo kafin ya mutu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na mai aikin gini, ranar 6 ga Janairun 1870 aka buɗe shi, kuma a lokacin babu lissafin sauti irin wanda muka karanta. Sai wajen 1900 wani malamin jami'ar Harvard, Wallace Sabine, ya fitar da ƙa'idar, aka yi amfani da ita a zauren Boston. Theophil Hansen, ɗan Denmak ɗin da ya zana Musikverein, shi ne kuma ya zana majalisar dokokin Ostiriya, da ido da ƙwarewa ya yi aikinsa. Har adon da ke bango, da lunguna da mutum-mutumin nan, suna tarwatsa sauti kada ya dawo a dunƙule ya zama kuwwa.

Maman Ilham: Mutum-mutumin matan nan na zinare da ke jere a gefe? Ni kam kau da kai na riƙa yi, ko ɗan mayafi ba a yafa musu ba. Ashe aiki suke.

Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Ba don in ɓata wa kowa rai ba, amma nasiha wajibi ce. 'Yar uwa, wuri ne na kiɗa zalla, ga gumaka, ga cakuɗuwar maza da mata, kuma a lokacin bikin da ba namu ba. Sannan kin ambaci ƙuri'a, ina jin tsoron kada ta zama caca. Allah ya sa mu gane gaskiya mu bi ta.

Injiniya Bashir: Malam, batun ƙuri'ar dai bari in gyara. Ba a biyan ko sisi don shiga. A watan Fabrairu mutum ke rubuta sunansa a shafin ƙungiyar makaɗan, Vienna Philharmonic, ya zaɓi ranar da yake so da ajin kujera. Wanda sunansa ya fito shi zai sayi tikiti a farashin da aka riga aka sa, wanda bai fito ba bai yi asarar komai ba. Kamar yadda ake yi in maniyyata sun fi kujerun Hajji yawa ne. Kujerun zauren 1,744 ne, sai wurin tsayuwar mutum wajen 300, masu nema kuma daga duk duniya.

Abu Sumayya: Na karɓi gyara a kan wannan, Allah ya saka da alheri. Sauran maganar tana nan.

Maman Ilham: Malam na gode da nasiha, kuma ban ji haushi ba. Na san mafi yawan malamai sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, na kuma san akwai irin su Ibn Hazm da suka sauƙaƙa. Ba zan ja da kai a fagen da ba nawa ba. Abin da zan iya shaida shi ne abin da na gani: ba addu'a aka yi ba, ba waƙar coci, ba ma mai rera komai. Kiɗan rawa ne na mutanen Viyana na ƙarni na 19, kuma ba wanda ya taka rawar, kowa a kame. Da hijabina na shiga, ba wanda ya dube ni sau biyu. Ƙarfe goma sha ɗaya aka fara, muka fito na samu azahar a kan lokaci, ka san yanzu ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi a nan.

Kawu Sale (mai kula da zaure): Malam ya faɗi nasa, Hajiya ta amsa da ladabi. Wanda ke son a zurfafa hukuncin kiɗa ya buɗe masa zare daban, mun san inda irin wannan ke kai mu. A ci gaba.

Baban Khalifa: Ni nawa labarin na takaici ne, kuma don shi na shigo. Shekara biyu da suka wuce na kawo iyali Viyana daga Munik hutun ƙarshen shekara. A bakin babbar cocin Stephansdom wani saurayi sanye da jar riga da farar hular gashi irin ta mutanen da ya tare mu da kundin hotuna, yana ta zuba, wai kiɗan sabuwar shekara, wai saura kujeru huɗu. Na zaro kuɗi masu ciwo na biya. Muka je, wani ɗan ɗaki ne a wani tsohon gida, makaɗan ba su kai goma ba, duk 'yan yawon buɗe ido ne irinmu, kowa ya ɗaga waya. Ba wai ba su iya ba, sun iya daidai gwargwado. Amma ni na ɗauka waɗanda nake gani a talabijin zan gani. Maman Khalifa har yau in muka yi faɗa sai ta ce "mai sayen tikiti a titi".

Injiniya Bashir: Alhaji sai haƙuri, ba kai kaɗai ba ne. Ƙa'idar guda ce: a duba sunan ƙungiyar da za ta yi kiɗan, kada a tsaya a sunan zaure kawai, domin ko Musikverein ɗin ana ba da hayarsa ga ƙungiyoyi daban-daban. Tikitin Philharmonic na 1 ga Janairu kuwa ba a tallarsa a titi. Daga yuro 35 yake farawa har 1,200.

Ɗan Zariya: Dubu ɗaya da ɗari biyu! Kusan naira miliyan biyu kenan. Mutum ya sayi babur ya yi kabu-kabu, ya sa rediyo ya ji kiɗa kyauta.

Kawu Ɗanlami: 'Ya'yana ku bar ni in sa baki. Ni ban taɓa taka Turai ba, amma ɗana da ke can ya kan turo min na kowace shekara in kalla, kuma da yake lokacinmu ɗaya ne da su a wannan watan, sha ɗaya da kwata ɗinsu ita ce tamu. A unguwar mabusa na tashi, kusa da fada, don haka ni kayan nake kallo. Wannan baƙar sarewa da ake fara busawa kafin komai, kowa ya daidaita da ita, da na ga bakinta na ce wannan ai ƙanwar algaita ce. Haki biyu ne a haɗe ake hurawa, kamar tamu, sai dai tasu an ladabtar da ita, ba ta tsaga kunne. Gogensu da izgar doki ake ja, ana goga mata ƙaro, kamar namu. Ga manyan tambura a baya. Abin da ban gane ba shi ne mai sandan. Mutum saba'in ko tamanin kowa da takardarsa a gaba, to shi me yake yi? A wurinmu sarkin makaɗa da ganga a rataye yake.

Injiniya Bashir: Kawu idonka ya gani daidai, oboe suke ce mata, dangin algaita ce ta haƙiƙa. In ƙara maka, tamburan makaɗan Viyana fatar akuya ake ɗaura musu har gobe, alhali wurare da yawa sun koma roba. Mai sandan kuwa, yawancin aikinsa an gama shi a kwanakin gwaji, inda yake cewa nan a ja, nan a sassauta. Kuma tambayarka ta taɓa tarihi: daga 1955 zuwa 1979 Willi Boskovsky ne ke jan wannan kiɗa, da gogensa a hannu yake yi, yana kaɗawa yana jan sauran, yadda Johann Strauss, shahararren mai tsara irin wannan kiɗa, ya riƙa yi da kansa. Daga 1987 ne aka koma gayyato madugu daban kowace shekara.

Maman Ilham: Kawu ni ma da haka na shiga, ina cewa wannan dai ɗaga hannu kawai yake a biya shi. Amma akwai wurin da na ga aikinsa ƙuru-ƙuru. A kiɗan ƙarshe, Radetzky, jama'a ke tafi tare da makaɗa. Sai ya juya wa makaɗan baya, ya fuskance mu. In ya ƙanƙance hannu, tafin mutum dubu biyu ya koma kamar yayyafi. In ya buɗe, zaure ya ɗauka kamar zai tsage. In ya ɗaga yatsa, tsit. Mutanen da ba su taɓa gwaji ba, ba su san juna ba, ga Japanawa ga Italiyawa ga ni 'yar Gusau. A nan na ce lallai in zai iya da mu, to waɗancan da suka shekara talatin suna kaɗawa, ƙiftawar idonsa ma magana ce.

Wani wurin kuma sai ya sauke hannu gaba ɗaya ya bar su, suna ta tafiya abinsu, yana murmushi. Ban san ko yabo ne ko hutu ba.

'Yar Damagaram: Anti Maman Ilham, na ji daɗin labarin, amma tunda an kawo Radetzky bari in ɗan zuba yaji a miyar. Tarihi nake karanta a Barlin, kuma wannan biki ba shi da tsabtar da furanni ke nunawa. An fara shi ranar 31 ga Disamban 1939, wata huɗu da fara yaƙin duniya na biyu, Ostiriya na hannun Hitler, Clemens Krauss ya ja, kuɗin da aka tara kuma asusun taimakon hunturu na 'yan Nazi aka kai wa. A 1938 an kori makaɗa 13 daga ƙungiyar saboda Yahudawa ne ko suna auren Yahudawa, 'yan ƙungiyar biyar kuma an hallaka su. Zuwa 1942, cikin makaɗa 123, guda 60 'yan jam'iyyar Nazi ne. Ba ƙage ba ne, ƙungiyar ce da kanta ta sa masana tarihi suka tona, ta wallafa a 2013. Shi kansa Radetzky janar ne, kirarin nasarar da ya yi kan Italiyawa a 1848 ne uban su Strauss ya tsara masa. Tsarin da aka daɗe ana kaɗawa ma na wani ɗan Nazi ne, Leopold Weninger, sai a 2020 suka sauya shi. Ni dai in na ga ana tafin nan sai jikina ya yi sanyi.

Ɗan Zariya: To fa. Hajiya ashe taken yaƙi kika tafa wa, da kuɗinki.

Maman Ilham: Ƙanwata, na san da batun Nazi sama-sama, amma ban san da makaɗan da aka kashe ba. Inna lillahi. Kin sa na koma ina tuna kujerun da ke kan dandamalin da wata fuska.

Kawu Ɗanlami: 'Yata, gaskiya kika faɗa, kuma gara a faɗa. Sai dai in tambaye ki. Taken da ake busa wa sarakunanmu da kakaki ranar hawan sallah, na me ne? Yawancinsu kirarin wanda ya ci gari ne, ya ƙone, ya kamo bayi. Jikokin waɗanda aka kamo suna cikin masu kallon hawan, suna ɗaga hannu suna jinjina. Ban ce daidai ne ba. Na ce kiɗa ya kan fi wanda aka yi wa shi tsawon rai, har a manta da dalili. Su aƙalla sun buɗe akwatinsu sun nuna abin da ke ciki. Kuma wanda ya ja tafin bana ai Ba'italiye ne, mutumin Napoli, ko ba haka ɗana ya gaya min ba?

'Yar Damagaram: Haka ne Kawu, Ba'italiye ne, wannan ne ma karo na bakwai da ya ja. Amma buɗe akwatin nan sai da aka shekara kusan saba'in, kuma sai da aka matsa musu, ba don Allah suka tashi da safe suka yi ba. Haka batun mata. An kafa ƙungiyar a 1842, ba su karɓi mace a matsayin cikakkiyar 'yar ƙungiya ba sai 1997, Anna Lelkes mai kaɗa harp, wani babban kayan kiɗa mai tsirkiya, wadda ta riga ta shekara fiye da ashirin tana musu aiki a gefe. Kuma bana, 2025, shi ne karon farko da aka kaɗa abin da mace ta tsara a wannan biki, na Constanze Geiger. Shekara 85 kafin a tuna mata ma suna tsara kiɗa. Har yau kuma mace ba ta taɓa riƙe sandan ranar 1 ga Janairu ba.

Maman Ilham: Na ga an ja layi a kan sunanta a ɗan littafin shirin, abokiyar tafiyata har ta taɓo ni lokacin da aka zo kansa. Gaskiya da ba ta taɓo ni ba, ba zan bambance shi da na su Strauss ba, duk ruwa ɗaya ne a kunnena. Mata a dandamalin kuwa na gan su, amma da yatsu za ka ƙirga.

Abu Sumayya: Kun ga dai abin da nake faɗa, ta kowace fuska aka duba akwai abin dubawa. Na yi shiru, Kawu Sale.

Baban Khalifa: Ni tambayata ta masu son zuwa ce, don sai na rama abin da aka yi min. Hajiya, rawar nan da ake nunawa a talabijin, 'yan mata da samari a cikin fadoji, a ina suke yi? Kuma ana shiga da yara?

Maman Ilham: Alhaji babu rawa a zauren ko kaɗan. Wannan tun da wuri ake ɗaukarta a wasu wurare, a saka wa masu kallo a gida. Mu makaɗa kawai muke gani da furanni, furannin kuwa ma'aikatan lambunan birnin Viyana ne ke shirya su, ƙamshinsu har inda muke. Yara ƙanana ban ba ka shawara ba. Tari ma sai mutum ya riƙe shi har a kai ƙarshen kiɗa, sai ka ji zaure ya ɓarke da tari gaba ɗaya kamar asibitin ƙirji. Wata tsohuwa a gabana waya ta ɗan yi ƙara a jakarta, kallon da aka yi mata ko ɓarawon akuya ba a yi wa.

Sauƙin wannan kiɗan shi ne gajeru ne, kowanne minti uku zuwa goma, in an gama a tafa. Ba irin dogayen nan ba da Injiniya ya taɓa ba mu labari, da ya tafa a tsakiya shi kaɗai.

Injiniya Bashir: Hajiya ai da kin rufa min asiri. Amma akwai wuri guda da ake katse makaɗa da tafi da gangan. Ranar 1 ga wata in aka fara kiɗan kogin Danub, wanda aka fara kaɗawa a 1867, da masu goge sun ja layin farko sai jama'a su tafa, madugu ya tsaya ya juyo, makaɗa su haɗa baki su ce "Prosit Neujahr", wato barka da sabuwar shekara, sannan a sake daga farko. A 2021 lokacin korona Muti ɗin nan ne ya ja, zaure wayam ba kowa, aka kaɗa Radetzky ba mai tafi. A 2005 kuma cire shi aka yi ɗungurungum don juyayin waɗanda igiyar tsunami ta kashe.

Ɗan Zariya: Duk na ji. Ni abin da ya dame ni har yanzu, makaɗi ya yi abin kirki, ba mai tashi ya liƙa masa ko yuro biyar a goshi, ba mai guɗa. Ta yaya zai san ya burge?

Kawu Ɗanlami: Ɗana, lokacin da marigayi babana ke kai ni sauraron mai goge da dare, in ya kai wani wuri, masu hira kan yi shiru da kansu, mai shayi ya ajiye buta. Liƙin daga baya yake zuwa. Makaɗi ya san wannan shirun, ya fi sanin sa da kuɗin.

Ɗan Zariya: Kawu ka kashe bakina. Injiniya, Fabrairu ka ce? Wa zai ja na baɗi?

Injiniya Bashir: Fabrairu, daga farkon wata zuwa ƙarshensa, kuma wanda ya rubuta ranar farko da na ranar ƙarshe duk ɗaya ne a wurin ƙuri'a. Na 2026 sun sanar da Yannick Nézet-Séguin, ɗan Kanada. Ka nemi na ranar 30, ya fi araha. Sai dai ka fara neman biza, kai da ko Legas sai an yi maka rakiya.

Maman Ilham: In Allah ya sa ta faɗo maka, masauki na wuyana, akwai tuwo. Ka zo da wuri, wurin tsayuwa ba lamba, wanda ya riga shi ke samun jikin ƙarfen gaba, na baya sai ƙeyar mutane. Kuma kada ka sa sabon takalmi. Ni na sa, yau kwana huɗu da silifas nake zuwa aiki cikin wannan sanyin.